Kan Burtun Yayana

Mai abu Ya karɓi abinSa. Yayana ya rasu wata Laraba da hantsi, bayan an gama yankan gero, a ɗakinsa da ke ƙauyenmu na bakin kogi, yamma da Gashuwa. Bai yi doguwar jinya ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, aka dama masa kunu ya kurɓa ya ture ƙwaryar, ya ce a juya shi gabas. Aka juya shi. Shi ke nan.

Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, kuma na ce a sa yadda na faɗa, kada a gyara masa hali don ya mutu. Yaran da ke tasowa yanzu sun san shi ne a matsayin tsoho mai tari a gindin aduwa. Ba na so a ce iyakar abin da za su riƙe ke nan.

Ranar zaman makoki ina cikin gida, amma dangarmu ta kara ce, idona kuma bai mutu ba. Maharba sun zo daga wajen Dapchi, sun zo daga tuddan Yusufari, wasu a raƙumi, wasu da ƙafa. Ba su yi kuka ba. Sun jingine bakunansu a jikin danga, suka zauna suna kallon ƙasa. Liman ya ce bai taɓa ganin mamacin ya makara sallar asuba ba. Gaskiya ne, amma ai maharbi dama ba ya barcin safe. Wata maƙwabciyarmu ta faɗo cikin gida tana ihu, wai wa zai ƙara ba mu nama. Na ce ta yi mana shiru ta zauna, don ita ce mai cewa ba shi da zuciya duk ranar da ya dawo ba komai. Wani mai sayen fata daga Nguru ya ce, "Mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa, amma ni ban taɓa cin ribarsa ba." Ɗaya daga cikin waɗanda ya koya wa harbi, shi ma yanzu da furfurarsa, ya ce, "Ni dai 'kada ka harba' da na ji a bakinsa ta fi 'harba' yawa, nesa ba kusa ba." Aka yi 'yar dariya, aka tuna inda ake, aka daina.

Da azahar wani mutumin Bade mai ɗingishi ya iso a kan jaki. Aka miƙa masa tabarma ya ƙi, ya zauna a tsurar ƙasa. Babban ɗan mamacin yana ganinsa ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Baƙi ba su lura ba. Mu mun lura. Zan zo kan wannan.

Yayana maharbin barewa ne, kamar ubanmu. Siriri ne, ba ya cin abinci da yawa, ba ya shan taba, ba ya shafa turare ko ranar salla, wai daji yana da hanci. Tafiyarsa ba ta da ƙara. Tun muna yara sai dai ki juya ki gan shi tsaye a bayanki. Da matan gida suka yi ta ƙorafi, sai ya koyi yin gyaran murya tun daga ƙofa, kuma ina jin nan tarinsa ya samo asali. Ko hira yake yi, sai ka ga ya ɗebi ƙasa ya sake ta a hankali yana duban inda iska ta kai ta.

Da kan burtu yake farauta. Wanda bai sani ba, burtu shi ne baƙin tsuntsun nan babba mai dogon baki da ke yawo a ƙasa cikin ciyawa. Barewa ba ta gudunsa, hasali ma in ta gan shi yana kiwo sai hankalinta ya kwanta. Shi ya sa maharbanmu ke ɗaukar kan burtu na gaske su ɗora a kan lanƙwasasshen itace, su naɗe da fata, su ɗaura a goshi. Mutum ya sa baƙar riga, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar yana tsattsagar ƙasa, har ya shiga tsakiyar garke. Na yayana na ubanmu ne. A wurinmu wanda ba a ɗaura wa kan burtu ba, ko ya kashe giwa, yaro ne. Kuma ba ka ɗaura wa kanka. Wanda ya koya maka shi zai ɗaura maka, ranar da ya ga dama.

Da mijina ya rasu, na dawo gidan yayana da ɗa guda, shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda na haifa. Na fari ne, ba na kiran sunansa, yanzu ma ba zan kira ba. Gonar da ubansa ya bari tana cikin fadama, yawancin shekaru kogi ke cinye ta. Na kama hannunsa na sa a na yayana, na ce, "Yaya, ga shi nan." Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Zai iya ɗaukar gora." Gorar ruwa kuwa ya ɗauka.

Ni ban taɓa zuwa farauta ba, amma duk abin da aka kashe ta hannuna yake bi. Ni ke wanke kayan ciki, ni ke yanyana nama in shanya. Saboda haka na san abin da kowa ya yi a daji ko bai faɗa ba. Sauran kuma a bakin yaran nake ji, in sun dawo suna ƙunƙuni a bakin murhu.

Suka ce in sun laɓe sun hango dabba, sai ya raɗa wa yaro, "Me ka gani?"

"Barewa, Kawu."

"Ban tambaye ka sunanta ba."

Sai yaro ya faɗi namiji ce ko mace. In mace ce, cikinta ya sauka ko bai sauka ba, akwai nono ko babu. In ta sha kibiya ina za ta nufa, kuma kana iya cim mata ka yanka kafin ta zama mushe? Wuƙarka tana ci? Me ke bayanta? Kafin a gama amsa, sau da yawa barewar ta yi gaba. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "To, ta tafi da ranta, mu ma mu tafi da namu." Yaran kamar su yi kuka.

Babban ɗansa ya girmi nawa, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Abin da ya auna ya faɗi. Wata rana farkon damina ya shigo da barewa a kafaɗa yana taƙama, ya sauke a gabana ya ce, "Gwaggo, a yi mana romo." Na juya ta, na taɓa hantsarta, nono ya tsarto mini a hannu. Na kira yayana na nuna masa tafin hannuna.

Ya ce wa ɗansa, "Ina ɗanta?"

"Ban ga ɗa ba, Baba."

"Ka duba ne ba ka gani ba, ko ba ka duba ba?"

Yayana ya nuna masa ƙofa.

"Koma. Kada in ga ƙeyarka a gidan nan sai da shi."

Ya koma cikin zafin rana, ko ruwa bai sha ba. Da yamma ya dawo da ɗan abu a cikin rigarsa, duk ƙafafu. Yayana ya sa shi ya riƙa danne akuya safe da yamma ɗan barewar yana tsotso. Naman uwar kuwa aka rabar a maƙwabta, wanda ya harbo bai ɗanɗana ba. Ɗan barewar nan ya girma a tsakar gidanmu, ya cinye mini kuɓewar da na shanya, ya fasa mini tulu. Na kai ƙara, yayana ya ce, "Ki yi haƙuri, maraya ne, kuma mu muka mai da shi." Da ƙahonsa ya fito, wata safiya ya tsallake danga ya bi 'yan uwansa.

Lokacin nan jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa Nguru ba. Kafin jirgi, maharbi yana kashe abin da gida zai ci ne da ɗan abin da zai kai kasuwa. Bayan jirgi, aka samu masu sayen banda da fata ko nawa ne, suna ɗurawa a taragu ana yin kudu da su. Wani daga cikinsu ya zo har gida da rani, lokacin da tafkuna suka ƙafe saura ɗaya. Ya ce wa yayana ya tara yaransa su kwanta a bakin ruwan nan, duk abin da ya zo sha a kayar, shi zai kwashe.

Yayana ya ce, "Ba na harbin mai ƙishirwa."

Mutumin ya yi dariya. "Haba malam maharbi, barewa fa ta Allah ce."

"Shi ya sa."

Wasu maharban sun je sun kwanta a bakin ruwan, sun kuma yi sababbin riguna. Matar yayana ta yi kwanaki ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Shi ko a jikinsa.

A shekarun nan ne bindigar toka ta yawaita. Yayana ya sayi ɗaya, ba don yana so ba, ya ba babban ɗansa, don shi ne mai hannu. Bindigar toka ba kibiya ba ce. Guntayen ƙarfe ake ɗura mata, in ta tashi watsuwa suke yi, wanda ya sami barewa ya samu, sauran su wuce su sami abin da ke bayanta. Tun ranar da ya ba shi ya ce, "In ka ga burtu a cikin ciyawa, ka ɗauka mutum ne, sai ka ga ƙafafunsa." Ya faɗa wa kowane yaro wannan, har sun gaji da ji.

Wata rana da kaka suka fita. Ɗan nasa ya yi gaba, ya hango namijin barewa, bayansa kuma burtu yana kiwo a doguwar ciyawa. Ya harba. Barewa ta faɗi, burtu ya yi salati.

Mutumin Baden nan ne da na ce ya zo a kan jaki. Shi ma maharbi ne, ya daɗe yana rarrafe yana bin wannan barewar, ƙarfe ya farfasa masa ƙugu. Yayana ya goyo shi a bayansa har gida, jini na bin ƙafafunsa. Ni na dafa ruwan zafi. Aka kira mai ɗori, aka kira bulama mai garinmu, dangin mutumin suka zo, aka yi maganar da za a yi, suka ce ƙaddara ce sun yafe. Yayana ya ce su sun yafe, shi bai gama ba. Ya karɓi bindigar ya rataye a ɗakinsa. Ya karɓi bakan yaron ma. Ya ce masa, "Kogi yana da kifi. Kifi ba ya sa baƙar riga." Tun daga ranar ɗansa bai sake shiga daji da makami ba, masunci ya zama har yau. Kuma duk dabbar da yayana ya kashe, cinya guda ta gidan mutumin Baden nan ce, ko mu za mu kwana da miyar kuka tsura.

Ban ce ya yi daidai duka ba. Yaron ya yi kuskure sau ɗaya, uban ya hukunta shi har ƙarshen ransa. Suna gaisawa, suna salla a sahu ɗaya, amma ban sake ganin sun ci a ƙwarya ɗaya ba. Na ce a rubuta wannan ma.

Abin ya dawo kan nawa ɗan. Yayana ya ƙara tsanani. Sa'o'in ɗana da suka koya a wurin wasu maharban duk an ɗaura musu burtu, wasu har sun yi aure da abin da suka samu. Shi yana nan da gora. Yana bin sawu fiye da kowa, yana harbin zomo da zabo, amma barewa sai dai ya nuna wa kawunsa. Samari suka sa masa suna jakin Kawu.

Ga shi kuma lokacin ana ɗibar samari soja a Nguru, ana zuba su a jirgi, ba wanda ya san inda ake kai su. Na ga yadda yake tsayawa yana sauraro in ana labarin. Na sami yayana yana fiƙe kibiya, na tsaya a kansa.

"Yaya, ɗa na ba ka ka mai da shi mutum, ko jaki na ba ka?"

"Akwai saura."

"Sauran me? Gemu ya fito masa."

"Ba da gemu ake harbi ba."

"Naka ka kashe masa zuciya, yanzu nawa ya rage?"

Ya ajiye wuƙar. Sannan ya ce, "Faɗi abin da kike so. Ba ke kika goyo mutumin nan ba."

Muka daina magana, har wata ya sake ba mu shirya ba. Ina aika masa tuwo, yana ci, ƙwarya tana dawowa, shi ke nan.

Shekarar gero bai yi ba. Kafin tsakiyar rani rumbu ya yi ƙasa, muna haɗawa da ƙwallon goruba da ganye. Wata safiya ɗana ya tsuguna kusa da murhu ya ce, "Inna, masu raƙuman ƙaro za su tashi zuwa Nguru bayan kasuwa. Zan bi su."

"Ka je ka yi me?"

"Can in sun ba mutum bindiga, suna barinsa ya harba."

Na tashi na je ƙofar ɗakin yayana, na faɗa masa daga waje, ban ƙara komai a kai ba. Na juyo abina. Washegari ya sauko da bindigar nan da ta daɗe a rataye, ya goge ta, ya ɗura ta da hannunsa, ya miƙa wa ɗana. Ya ce, "Je ka kai kaɗai. Ɗuri ɗaya ne." Har yau ban sani ba ko gwaji ne ko sallama.

Abin da ya faru, masu ɗiban ƙaro sun gani daga kan tudu, kuma sun riga shi isowa gari da labarin. Ya sami namijin barewa mai ƙiba, shi kaɗai, a kusa, iska tana wajensa. Ya ɗaga bindiga. Sai ga baƙin kai da dogon baki yana sunkuyawa a cikin ciyawa, daidai bayan barewar. Ya tsaya. Suka ce ya daɗe a haka, bindiga a kafaɗa, yana jira burtun ya fito fili. Bai fito ba. Iska ta juya, barewa ta ɗaga kai ta zuba da gudu. Gudunta ya firgita burtun, ya sheƙa, ya buɗe fukafukai da farin gashinsu, ya tashi sama.

Tsuntsu ne. Tsuntsu kawai.

Kafin ya iso, samari sun taru a bakin hanya.

"Ga wanda tsuntsu ya kora!"

"Ka gaishe shi kuwa? Ka ce ranka ya daɗe?"

"A mayar masa da gorarsa, ita ya iya!"

Ya wuce su ya shigo gida, fuskarsa kamar toka. Matar yayana, da ta riga ta ɗora tukunya, ta sauke ta da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce mini, "Inna, gobe ne tafiyar." Ban roƙe shi ba, ni ba na roƙo. Na ɗauko ɗan geron da na ɓoye a ƙasan tukunya, na daka masa gumba, na ƙulle a tsumma.

Bayan la'asar yayana ya aiko a kira shi gindin aduwa, inda maza ke zama. Na bi na tsaya a jikin danga. Ya karɓi bindigar, ya shinshina bakinta, ya ga ɗurinta na nan.

"Me ka gani?"

"Namiji, Kawu. Shi kaɗai. Ba abin da zai hana."

"To me ya hana?"

"Burtu a bayansa. Ciyawa ta rufe ƙafafun."

"Ka san gidan nan ba nama?"

"Na sani."

"Ka san za a yi maka dariya?"

"Na sani. Kuma tsuntsu ne, Kawu. Da na harba, da ba abin da ya faru."

"Yanzu ka san tsuntsu ne. Lokacin da yatsanka ke kan kunamar bindiga fa, ka sani?"

"Ban sani ba."

Wani daga cikin zaune ya ce, "Ai dai an yi asarar nama." Yayana ko kallonsa bai yi ba. Ya sa hannu cikin jakar fatarsa ya fito da kan burtun ubanmu. Ya ce wa ɗana, "Durƙusa." Ya durƙusa. Ya ɗaura masa a goshi, ya ja igiyar ya ƙulle ta a ƙeya, ya ja da baya ya dube shi.

Ya ce, "Ya zauna. Dama wuyanka irin na burtu ne."

Aka fashe da dariya, amma ba irin ta bakin hanya ba.

Ɗana ya shigo gida da abin a hannunsa, ya tsaya a gabana. Na ɗauko ƙullin guzurin na kwance, na juye gumbar a babbar ƙwarya, na dama ta da ruwa, na kira yaran gida. Na ɗebi ludayi biyu a ƙaramar ƙwarya na kai wa yayana da hannuna. Ya karɓa ya ce, "Ba tsami." Na ce, "Sha haka nan." Karon farko ke nan da muka yi magana da juna tun ranar faɗan nan.

Da safe raƙuma suka tashi da waɗanda za su tafi. Wasu sun dawo bayan shekaru, wasu har yau uwayensu ba su ji labari ba.

Allah Ya sanyaya makwancin yayana, Ya yafe masa tsananinsa, Ya karɓi abin da ya yi daidai. Mutane kowa da abin da zai ce ya bar masa. Ni ya bar mini ɗana a gida.